Wutar da Aka Ɗora wa Lami

Shekaranjiya jikata ta dawo daga kasuwar Magariya da tukunyar gaz a bayan babur, ta dire ta a tsakar gida, ta murɗa wani ɗan abu, sai ga wuta shuɗiya ta miƙe tsaye, ba hayaƙi, ba hurawa, ba hawaye. Ta juyo tana kallona, tana jira in riƙe baki. Na ce ta ja abinta can nesa da ƙofata. Ta kwashe da dariya, wai Kaka har yanzu ƙauyanci bai sake ki ba. To, yi dariyarki, 'yar nan. Ku da kuka tashi ƙarƙashin rufin kwano, kuna ƙyasta ashana kuna yarwa, me kuka sani game da wuta? Tun daga lokacin zuciyata ta koma baya ta ƙi dawowa, kuma ba wuri mai daɗi ta koma ba.

A zamaninmu ba a kunna wuta, ɗebo ta ake yi. Ƙyastu na maza ne da matafiya. Mace in ta gama tuwo sai ta binne garwashi a toka, ta ɗora busasshen kashin shanu a kai, da safe ta tone ta hura. In ta tarar ya mutu, sai ta miƙa wa yaro tsingaro, ɓallin fasasshiyar tukunya, ta ce je ka gidan wance ka ɗebo. Da hantsi sai ka ga yara suna ta giftawa tsakanin gidaje, kowa da tsingaronsa, ya kare shi da tafin hannu, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Lugude na tashi a wannan gida, wancan gida na amsawa, ga kukan jakuna, ga igiyar guga tana gurzar bakin rijiya, ga wata uwa tana bin ɗanta da murya: “Kare da hannunka! Kada ka yi gudu! Kada ka bi ta gindin danga!” Ƙauyenmu yana kudu da Dungas, dab da iyaka, kuma duk garin kara ne da ciyawa, jinka na taɓa jinka, danga na jingine da danga. Ba a hana wuta. Ko matan da suka yi shekara ba sa gaisawa, yaransu na ɗebo wuta a murhun juna. Yanzu kuwa maƙwabcinka sai ya yi wata yana girki ba ka ga ko hayaƙinsa ba.

Wutar da ba ta mutuwa a garinmu ita ce ta Iya Mai-Daddawa, tsohuwar da danga ɗaya ta raba mu da ita. Ƙafafunta sun riƙe tun kafin in yi wayo, da jan jiki take zagaya tsakar gidanta, tukunyar daddawa kullum tana kan murhu tana ɓararraka. Duk yaran unguwa wurinta suke zuwa, amma ba ta da kamar Lami, ƙanwata. Lami a lokacin ko famfara ba ta yi ba, ga baki, ga rawar kai, ga dariya ba dalili. Iya tana ce mata ƙawata, ita kuma tana ce wa Iya tsohuwa mai wari, su yi ta cacar baki har garwashin ya kusa mutuwa a tsingaro, sai Inna ta ɗaga murya ta saman danga. Ni na girme ta nesa ba kusa ba, na isa daka da ɗaukar tulu, kuma ni nake goyon ta tun tana jaririya. Ku riƙe wannan, don ku san da wane baki nake magana.

Zamanin Faransi ne, zamanin aikin dole. A zo a ce gari kaza ya ba da maza kaza, a tafi da su gyaran hanyar mota, ba abinci sai abin da ka ƙulla a zanenka. Babanmu ya je sau ɗaya, ya dawo bayansa duk tabon bulala, da aka sake kiran sunansa sai ya sulale ya tsallaka ƙasar Ingilishi wurin dangin uwarsa. Ba shi kaɗai ba. Mai-gari yana da ɗan aike, Tanko, sa'an babanmu ne, tare suka yi kiwo suna yara, mu ma Baba Tanko muke ce masa. Shi yake bin gidajen waɗanda suka gudu. Kuma yana da wata dabara da kowa ya san shi da ita: ya zari ciyawa daga jinkar ɗakinki, ya murɗe ta, ya kunna a murhunki, ya ɗaga ta kusa da rufin yana tambaya, “Ina maigidanki?” Mace ta rikice, ta faɗi inda mijin yake, ko ta ba shi kaza ya tafi. Sai ya yar da ciyawar ya take da ƙafa yana dariya. Bai taɓa ƙona ɗakin kowa ba. Har yabon sa ake yi, wai ai gara shi da gardi, ɗan sandan Turawa, shi tsoratarwa kawai yake yi.

Ranar da ya zo gidanmu bazara ce, komai ya bushe ƙamas, maza suna can gonakin nesa suna sassabe. Ina surfe a tsakar gida. Wutarmu ta mutu, Inna ta aiki Lami gidan Iya. Tanko ya shigo ba sallama, ya ce, “Ke, ina maigidanki?” Inna ta ce ya tafi kasuwa. Ya ce, “Wace kasuwa ce wannan da ba ta tashi?” Ya zari ciyawa ya murɗe, ya leƙa murhu ya ga toka ce mai sanyi, ya tsaya yana waige-waige. Sai ga Lami ta shigo, hannu ɗaya riƙe da tsingaro, ɗaya yana karewa, yadda aka koya mata. Ya ce, “Yauwa, kawo nan, yarinya.” Ita kuma, 'yar tarbiyya, ta durƙusa har ƙasa ta miƙa masa da hannu biyu. Da idona na gani. Ya hura, ciyawar ta kama, ya ɗaga ta sama kusa da jinkar ɗakin Inna. Bai rufe baki daga tambayarsa ba sai ga iskar nan ta bazara da ke tasowa ba sallama, ta fizge harshen wutar ta manna shi a rufin. Fuu! Kafin Inna ta gama salati ɗakin ya zama wuta, danga ta ɗauka, ta miƙa wa gidan Iya.

Ba zan ba ku labarin gobarar duka ba, ba na so. Mata da tuluna, rijiya da nisa, rumbuna suna fashewa, awaki a turke suna kuka irin na mutane. Na suri Lami na yi fili da ita. Daga can muna jin Iya Mai-Daddawa tana kiran maƙwabta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, don ba ta da ƙafar fita, kuma ƙofarta ce ta fara kamawa. A cikin waɗanda ta kira har da Lami. “Lami! Ƙawata!” Na toshe mata kunnuwa da hannuna, amma ta riga ta ji. Unguwarmu duka ta tafi. Tanko kuwa tun tashin farko ya tsallake danga, sai da wutar ta lafa ya dawo da tulu a kafaɗa, yana haki, kamar tun ɗazu yake aikin kashewa.

Da la'asar, bayan an rufe abin da ya rage na Iya, manya suka zauna a gindin tsamiyar ƙofar mai-gari. An ga hayaƙin daga nesa, an san gardi zai zo bincike. Suka auna. In aka ce Tanko ne, kwamanda, Baturen da ke mulkin yankin, zai tambayi dalili, a gane maza nawa suka tsallaka iyaka, a tuɓe mai-gari, a ci garin tara, a kwashe sauran mazan da suka rage. In kuwa aka ce yarinya ce ta yi tuntuɓe da tsingaro, shi ke nan, ƙaddara ce, ba wanda za a ɗaure. Liman da kansa ya ce ai yarinya alƙalami bai hau kanta ba, ba ta da zunubi wurin Allah, ba ta da laifi wurin Nasara. Kowa ya gyaɗa kai, an sami mafita mai araha. Suka kira Inna suka ce in tana son mijinta ya sami garin da zai dawo, ta koya wa 'yarta abin da za ta faɗa. Wallahi ba mugaye ba ne dukansu, tsoro ne. Amma gemu-gemu da su, suka duba duk garin, suka rasa wanda zai ɗauki gawar tsohuwa a kansa sai yarinyar da haƙoranta na nono ba su zube ba.

Inna ta zaunar da ita a kan toka tana kuka tana maimaita mata: “Kin taho da gudu, kin yi tuntuɓe, garwashi ya faɗa gindin danga. Faɗi in ji.” Lami ta faɗa. “Sake faɗa.” Ta sake. Washegari gardi ya iso a kan doki da jar hularsa, aka tsayar da ita a gabansa, ta faɗa ba gargada. Ni ce na kutsa tsakiyar mutane na ce, “Ƙarya ne! Baba Tanko ne ya karɓa a hannunta!” Ban kai ƙarshe ba wani kawunmu ya ɗauke ni da mari, mata suka rufe mini baki da zane suka ja ni baya, suna cewa gobara ta taɓa mata kai. Gardi ya sha furarsa, aka ɗaura masa kaji a sirdi, ya juya.

Aka yi gayya, aka yanko ciyawa, dangi daga Yekuwa da Sassumbrum suka aiko da dammunan hatsi, kafin ruwa ya sauka kowa ya koma ɗaki. Komai ya dawo sai Lami. Da farko dariyar ce ta tafi. Daga nan ta daina matsowa kusa da murhu. In magariba ta doso, hayaƙin tuwo ya fara tashi daga gidaje, sai ta kama rawar jiki, ta ɗauki 'yar ƙwarya da ruwa ta bi gindin dangogi tana yayyafawa, tana shinshina iska kamar akuya. Sau nawa tana kwara wa Inna ruwa a murhu tuwo na tsakiyar dahuwa. Ta koma fitsarin kwance. In ta ji warin daddawa a miya sai amai. Ba ta cin abu mai zafi, sai fura, sai gumba, sai tuwon da ya kwana. Yara suka sa mata Lami-Gobara. Abin da ya fi ci mini rai, matan nan da suka san gaskiya, waɗanda suka rufe mini baki da zanensu, kafin damina biyu sun manta su suka ƙulla maganar. In Lami ta gifta ƙofarsu sai ka ji, “Kai, ku janye ta daga wajen karan nan.” Gidanmu kaɗai aka taɓa hana wa wuta a garin, sai in ni na je da kaina.

Sai aka ce iska ce ta shige ta, aka kai ta wurin wani mai magani. Kun san da me ya yi mata magani? Da hayaƙi. Ya zuba garwashi a kasko, ya barbaɗa saiwoyi, aka zaunar da ita a kai aka lulluɓe ta da bargo, manya biyu suka danne. Yarinyar da ko warin toka ba ta iya ji! Tana ihu yana cewa, “Kun ji shi, yana fita.” Da aka yaye bargon ta cije leɓenta har ya tsage. Daga ranar ba ta sake magana ba har aka yi girbi. Yanzu an ce a likita akwai masu zama da yaro su yi ta hira da shi har abin da ya gani ya sake shi. Mu namu masu hikimar garwashi suka ƙara mata.

Da bakinta ya buɗe, na ja ta bayan gari wurin itace, na ce, “Lami, kin tuna kin durƙusa kin miƙa wa Baba Tanko?” Ta dube ni ta ce, “A'a, Yaya, faɗuwa na yi. Ga ma inda na kurje.” Ta nuna mini wani tsohon tabo a gwiwarta, wanda ta samu tun tana rarrafe, a kan idona. Na gaya mata a daji, na gaya mata a rijiya, na rantse mata da duk abin da na sani. Inna ma, da babanmu ya dawo bayan an soke aikin dole, ta zaunar da ita ta ce ni na koya miki, ƙarya ce. Lami ta ce, “Inna, don kina so na ne.” Ta riga ta ga faɗuwar da idonta, har tana iya nuna maka tushen karan da ta yi tuntuɓe da shi.

Ni gobarar ba tsoro ta bar mini ba, ƙiyayya ta bar mini. Duk sanda na wuce gidan Tanko sai na duba jinkarsa na ga ta ina ta fi bushewa. Ƙananan 'ya'yansa da ke wasa a ƙofa su suka tsare masa ɗakinsa, bai sani ba. Ban sake gaishe shi ba. In muka haɗu a hanya sai in tsaya cak in zuba masa ido har ya ratse. Masu nema na sun zo daga nesa, na ƙi, na auri ɗan garin, don kada Tanko ya wayi gari ko sau ɗaya bai ga fuskata ba. Lami kuwa ta girma, kyakkyawa, ga hannun saƙar faifai, amma duk wanda ya fito sai uwarsa ta ce wa zai kawo mai gobara cikin gidansa, wadda ko ruwan zafi ba ta iya dafawa? Sa'o'inta suka yi goyo, ita tana ɗakina tana niƙa da ɗebo ruwa, ni ina girki, in na hura wuta ta fita bayan gida ta zauna.

Ana nan, har yanzu Nasara bai tafi ba, sai Tanko ya tsufa, ya ajiye gemu, ya sayar da dabbobinsa, wai zai tafi Makka da ƙafa, ta hanyar gabas. A lokacin mai wannan tafiya kamar mai mutuwa ne, sai ya bi gida-gida yana neman gafara, don ba a san ko zai dawo ba. Kowa yana ce masa mun yafe duniya da lahira. Ya zo ƙofar gidana da hantsi, ya yi sallama, ya ce, “'Yata, in na taɓa yi miki wani abu, da sani ko ba da sani ba, ki yafe mini.” Na ce, “Wani abu? Ba shi da suna?” Ya hau shafa gemunsa. Na ce, “Ka tara liman da mutanen unguwa, ka tsaya gaban Lami ka faɗi wanda ya kunna wutar nan. Kafin nan kada ka sake tako mini ƙofa.” Ya tafi yana cewa ba ni da kunya. Liman ya aiko, mijina ya yi magana, kawun nan mai mari ya zo da sandarsa yana cewa a bar abin da ya wuce. Na ce bai wuce ba, ga shi can bayan gida a zaune yana saƙa faifai.

Tsoron hanya ya fi ƙarfin kunyarsa. Ana gobe ayarinsu zai tashi, bayan sallar la'asar, ya zo da liman da dattawa, mata suka yi cirko-cirko a bayan danga. Na fito da Lami na tsayar da ita. Zuciyata kamar ta fashe don murna, na ce yau za a sauke mata kayan nan. Tanko ya durƙusa, tsofai-tsofai da shi, ya faɗi komai: ciyawar da ya murɗe, tsingaron da ya karɓa, iskar, tsallake dangar. Ya ce, “Ba ki faɗi ba, Lami. Ni ne. Ni na kashe Iya.” Dattawa suka sunkuyar da kai. Wata a bayan danga ta fashe da kuka.

Lami ta dube shi. Sai ta durƙusa ita ma, ta ce, “Allah sarki, Baba Tanko. Za ka ɗakin Allah, kana so ka ɗauke mini ka tafi da shi. Allah ya saka maka da alheri. Amma kada ka yi ƙarya saboda ni, ga ka da tafiya a gaba. Ni ce. In ka isa, ka roƙa mini Iya ta yafe mini.”

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, “To, na faɗa.” Na ce, “Ka faɗa. Da ka faɗa tana da haƙoran nono, da ta ji.” Liman ya ce, “Ki yafe masa, baiwar Allah, ya cika sharaɗinki.” Na ce, “Malam, kai ma da ka ce alƙalami bai hau kanta ba, ban ce na yafe maka ba. Ku tashi ku ba ni wuri.”

Tanko bai dawo ba. Wasu sun ce ya isa, wasu sun ce a hanya ya tsaya, ban tambaya ba. Lami ta yi furfura a ɗakina, ta rasu a hannuna, ba ta taɓa dafa ko kunu ba, kuma duk azumi sai ta saƙa faifai ta kai wa jikokin Iya tana ba su haƙuri. Malamai sun sha gaya mini mai yafiya shi ne da riba. Na ji, su riƙe ribarsu. Ni dai duk sanda na idar da salla roƙona ɗaya ne, ranar da za a tsayar da Tanko gaban Allah a tsayar da ni kusa. Na san halin Lami, ana tambayar ta za ta ce ta yafe. Shi ya sa nake so in riga ta magana.